Gammo Ƙarƙashin Sirdin Kaboyi

Gara ce ta ja mana. Sirdin Baba yana rataye a zaure tun ina ɗan saurayi, irin namu na Hausa mai tudu gaba da baya, to a shekarun nan da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa babu mai ɗaga kai ya dube shi. Kowa hankalinshi yana kan babur da rediyo da kwanon rufi. A Tafoki in ka ji ƙara daga nesa ba ka tambayar wa ke tafe, sai dai ka ce wa kuma ya sayo. Ni ma shekarar da auduga ta yi kyau na so in shiga layi, sai Baba ya ce in dai yana numfashi ba za a sayar da dokin gidan nan a sayo abin da ke shan mai yana tusa ba. Na haƙura, don a lokacin ina da mata da 'ya'ya amma ko akuya ban isa in kai kasuwa ba sai ya yarda. Ran da na sauko da sirdin in kaɗe mashi ƙura, sai ya rabu biyu a hannuna gari na zuba. Icen ciki duk ya tafi, fata ce kawai ta rage tana riƙe da mutuncinta.

Dokin bidi ne, mai gashi gauraye da fari, ya fara manyanta, siriri, ƙashin bayanshi a tsaye kamar kunyar da aka yi ma sabuwar huɗa. Ba shi da rigima. Ni ne mai yi mashi ciyawa, kuma na tabbata a cikin gidan shi kaɗai ke ganina da daraja.

Ana tsakiyar damina saƙo ya zo daga wajen garin Sabuwa. Baba yana da wa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce mashi Baba Babba. Lokacin da Baba ya musulunta ya dawo Tafoki da zama, shi Baba Babba ya tsaya can cikin daji bayan Sabuwa a kan abin da ya tarar kakanni suna yi, Bamaguje na sosai, da tsafinshi da tulun giyarshi da gonar da ba a ganin ƙarshenta. Ba su taɓa faɗa ba, sun dai daɗe ƙwarai ba su ga juna ba. Wanda ya kawo saƙon ya ce jiki ya ƙi, ido ya tafi, kuma tsohon yana ta cewa a gaya ma yaron nan ya zo. Yaron nan shi ne Baba, da farin gemunshi har ƙirji.

To da me zai je? Mota ba ta shiga wurin ko da rani, balle an yi ruwa hanya ta zama kunu. Ƙafa kuwa, gwiwoyin Baba daga gida zuwa masallaci suke kai shi, nan ma da tsayawa. Babur ya rantse ba zai hau ba. Saura doki, dokin kuma ba sirdi, tsoho ba ya iya zama a kan wannan ƙashin haka nan. Na zagaya ƙauyukan kusa neman aro, duk wanda na tambaya sai ya ce ai da ka zo bara. Na je har Kankara wajen masu yin sirdi, na tarar sun koma ɗinkin rigar kujerar babur, sun ce in dawo bayan kaka. Na dawo na gaya ma Baba. Ya ce, "Shi mai kiran nawa zai jira kaka?"

Ana cikin haka sai ga taubashina, ɗan ƙanwar Baba, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa ba a yi tsiya ba. Direba ne, yana tuƙa wani Bature cikin Turawan aikin gona da suka zo wajen Funtuwa. Baturen mutumin Amurka ne, yana kiwon doki, da zai koma ƙasarsu ya bar mashi sirdinshi kyauta. Shi ko taubashin nawa ko jaki ba ya da shi. Ya sauke abin daga bayan mota, ya dire shi ƙofar gida, ya gaida Baba a tsugune, sannan ya juyo gare ni.

"Kai bawa, zo ka ɗauki kayan ubangidanka."

"Bawan Bature ne ke kiran wani bawa?" na ce mashi, amma idona yana kan sirdin.

Ban taɓa ganin irinshi ido da ido ba, sai a sinima, ran da na kai auduga Funtuwa na ɓata kuɗin abincina na shiga kallon 'yan kaboyi. Ja ne, fata mai kauri an yi mata zane-zanen furanni, nauyi kamar buhun gero da ba a cika ba. Wurin zaman faffaɗa, ƙasanshi an shimfiɗe da gashin tunkiya. Likkafar kamar akushi. A gaba ga wani ƙaho a tsaye kamar an datse taɓarya an dasa. Sannan majayi, wato ɗamarar da ke bi ta ƙarƙashin ciki, har guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

Baba ya zagaya shi da sanda. Ya ce, "Ba fatar alade ba ce dai ko?"

"Haba Kawu, saniya ce. Ina alade zai samu fata haka?"

"Wannan turken fa na gaba?"

"Can ƙasarsu igiya suke ɗaurawa nan, su jefa ma saniya su kama ta."

Baba ya ce, "Shanun nasu ba su san muryar mai su ba?" Ya danna wurin zaman da tafin hannu, ya sake dannawa, na ga fuskarshi ta saki. Ya ce mani in gwada.

Da na gwada kawai da an zauna lafiya. Amma ni na ga sinima. Na shiga gida na ɗauko malafa, na yagi jan ƙyalle na ɗaura a wuya, na jira sai da aka yi la'asar dattawa suka zauna gindin durumin ƙofar gida. Na aza sirdi. Na ja majayin gaba na ɗaure. Na zo na bayan, na ce ai ba a yi ɗamara don ado ba, na sa ƙafa a cikin dokin na ja da iya ƙarfina, yadda muke ɗaure ma jaki kaya in za a je kasuwa mai nisa. Bidin ya juyo ya dube ni. Da ina da ilimi da na karanta wannan kallon. Na hau, na gyara malafa, na ce bismilla.

Ban san lokacin da na tashi sama ba. Na dai tuna na ga rufin gidanmu daga bisa, na lura akwai inda ke son gyara, sai na ji ni cikin taɓon bakin kududdufi. Dokin da bai taɓa harbin ko ƙuda da niyya ba yana ta tsalle yana watsa ƙafafu. Dattawa suna ta salati, salatin yana karyewa da dariya. Taubashina ya kwanta ƙasa yana riƙe da ciki.

"Na manta in gaya maka," in ji shi da ya samu numfashi, "na bayan nan ba a ɗaure shi. Sakwa-sakwa Baturen ke barinshi, har hannu yana shiga."

"Ka manta ko ka so?"

"Kai bawa, tun yaushe kake tuhumar ubangidanka?"

Ya shiga motarshi ya tafi ya bar ni da taɓo har cikin kunne. Na yafe mashi tun ranar, don ba don shi ba da wannan labarin bai kai ko'ina ba.

Da na gane sirrin majayin baya sai na ɗauka an gama. Ranar kasuwar 'Yargoje na ninka bargo na shimfiɗa, na aza sirdi, na ɗaura jan ƙyallena a wuya, na hau don in ga yadda zai yi a doguwar tafiya. Ni dai na ji daɗi, kamar ina zaune kan kujerar alƙali. Mutane suka yi ta zagaye ni a kasuwa suna taɓa ƙahon, ni kuma ina ta yi masu bayanin Amurka kamar can aka yanke mani cibiya. A hanyar dawowa na lura dokin yana lanƙwasa baya yana taƙaita taku, na ce gajiya ce. Sai da na sauke sirdin a gida na ga abin da na yi. Daidai inda geza ta ƙare, kan tudun ƙashin nan na tsakanin kafaɗu, gashi ya goge, wurin ya kumbura ya yi zafi. Na kai hannu, ya zabura.

Baba ya fito ya duba. Ya shafa wuyan dokin, ya daɗe yana shafawa, bai ce mani komai ba, ya koma ya zauna kan buzunshi yana kallon yamma. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kowa ya san doki in bayanshi ya fashe ya zama gyambo, sai a yi watanni ba a hau ba. Bai kai ga fashewa ba, saura kaɗan. Na dinga wanke wurin da ruwan bagaruwa ina shafa man kaɗanya, ina ba shi haƙuri a kunne. Cikin kwanakin wani mai sayar da zuma daga wajen su Baba Babba ya biyo, ya ce tsohon ya daina fita, amma ko kaza ta yi motsi a ƙofar gida sai ya ce a duba ko yaron nan ne.

Da kumburin ya sauka na koma dabara. Tunanina shi ne, in bargo ɗaya bai isa ba a ƙara. Na kwashe barguna na gidan kaf, har da na Baba, na jibga, na ɗora sirdi can bisa kamar kaza kan ƙwai. Na sa ƙafa a likkafa, sirdi da barguna suka juyo gaba ɗaya suka koma ƙarƙashin ciki, na zauna daɓas.

Uwar yarana ta dawo daga rijiya ke nan da tulu a kai. Ita ba ta zuwa kusa da doki, ba aikin mata ba ne, kuma tana tsoronshi. Ta tsaya nesa ta sauke tulun, ta ciro gammonta, wato naɗin tsumman nan da mata ke sawa a kai kafin su ɗauki kaya, tana karkaɗe shi tana kallona.

"Malam, in an gama wasan, barguna na yara ne."

"Ke, wannan aikin maza ne."

"Na gani." Ta leƙa bayan dokin daga nesa. "Wai ka san inda yake taɓa shi?"

"A baya mana. A ina sirdi ke taɓa doki?"

"A bayan ina? Cire tsummokaran nan. Bari in kawo maka toka."

Ta shiga madafa ta tankaɗo toka mai laushi a faifai. Ta ce in barbaɗa a bayan dokin ko'ina, in aza sirdin a hankali ba tare da komai a ƙasa ba, in danna, in ɗaga. Na ce wannan kuma wane irin tsafi ne. Ta ce haka take kama hanyar ɓera a ɗaki, ta barbaɗa toka ta ga inda ya taka. Na yi don in rabu da ita. Da na kife sirdin, sai ga amsa a jikin gashin tunkiyar nan. Gefe da gefe tas, ko ɗigon toka babu a gaba. A tsakiya kuwa, cikin kwarin da ke ƙarƙashin ƙahon, toka ta yi tambari. Ashe an yi sirdin ne don dawakin can masu faɗin baya kamar gado. A kan namu siriri sai ya faɗo, gefunan suna lilo a iska, nauyin mutum duka ya taru kan ƙashi guda.

"To ai shi ya sa nake ƙara bargo," na ce, don kar in faɗi ƙasa sau uku.

"Bargon ai kan ƙashin yake bi shi ma. Dubi nan." Ta miƙo gammon, ta zura yatsa ta ramin tsakiya. "Ka ɗauka don laushi muke sa shi? Don ramin nan ne. Tulu ba ya taɓa tsakar kaina, gefe ke ɗauka. Yi mashi gammo."

"Doki da gammo? Sai a ce rafi za shi ɗebo ruwa."

"Kai da ka je 'Yargoje da jan ƙyalle a wuya, yanzu kake jin abin da za a ce?"

Ni ko allura ban iya riƙewa ba, ita ta yi. Ta fasa tsohon zanenta, ta kwaso audugar da ta ajiye don kaɗi, ta cusa ta naɗe ta ɗinke. Ba zagayayye ta yi shi kamar na tulu ba, dogo ne, mai kauri ta gefe biyu, ya sirance ta baya, tsakiya a buɗe. Ba ta yarda ta matso ba, daga bakin danga take ba da umarni, ni ina kai da kawowa. A aza, a barbaɗa toka, a ɗaga, ta duba, ta farke ta ƙara auduga nan ta rage can. Haka muka yi ta yi har tokar ta kama gefe biyu daidai, tsakiya ta fita fes. Na ɗaure majayin gaba, na bar na baya da sararin hannu. Na hau, na sunkuya na zura yatsu ƙarƙashin ƙahon, suka shige har suna motsi tsakanin sirdi da ƙashi. Na zagaya bayan gari na dawo. Da na sauke, gumi ya jiƙa gefe da gefe, tsakiyar baya kuwa a bushe kamar an ja layi. Baba ya sa hannu ya danna tsohon ciwon. Doki ya ci gaba da cin ciyawarshi.

Baba ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu."

Da sassafe muka kama hanya, shi a sama ni a ƙasa riƙe da igiya. Tafiya ce ta sai an kwana, muka bi ta cikin gonaki sannan daji, dajin kaɗanya da ɗorawa da yau mutum ba ya tunkara ko da rana tsaka, a lokacin kuwa abin tsoronka bai wuce ƙaya da ƙudan zuma ba. Duk inda muka tsaya sai na sauke sirdi na duba baya na karkaɗe gammo. Faɗin wurin zaman ya yi ma ƙugun Baba daɗi, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, abin da ban saba gani ba. Wani rafi da muka tarar ya kawo, dokin ya zame a gangare. Na waiga na ga Baba ya rungume ƙahon nan da hannu biyu. Da muka haye ya daɗe bai saki ba. Can ya ce, "Turken nan nasu ba laifi."

Mun isa da hantsi washegari. Baba Babba yana kwance ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, ya rame ƙwarai, idanun sun yi fari. Tun kafin mu yi sallama muka ji muryarshi.

"Wannan kofato ne, ba inji ba. Yaron nan ne."

Na sauko da Baba. Ya tafi da gwiwoyin nan nashi har bakin tabarma ya durƙusa. "Yaya, ni ne."

Tsohon ya lalubo fuskarshi, ya kama gemun ya ja. "Ka tsufa."

"Da wane idon ka gani?"

"Na ji nishinka tun daga bakin gona. Ku kawo mashi giya."

"Yaya, har yanzu ba ka bari ba?"

"To ku ba shi ruwa, shi da dokinshi."

Suka yi dariya har ta koma tari, tarin ya koma wani abu daban, na ja dokina na koma bayan rumbu na ba su wuri. Kwanakin da muka yi can, tabarma ɗaya suke wuni. In lokacin salla ya yi, shi Baba Babba ke cewa a kawo ma yaron nan ruwan alwala kar ya makara.

Ana gobe za mu tafi ya ce a kawo mashi sirdin da jikoki ke ta ba shi labari. Na kawo na ajiye gabanshi. Ya shafa zanen, ya kama ƙahon ya girgiza, ya zura hannu ƙasa sai ya ci karo da gammo. Ya jawo shi yana latsawa.

"Wannan kuma Bature ne ya yi?"

Na gyara murya na ce, "A'a Baba, dabara ce ta mu nan gida. Na zauna na yi nazari."

Ya kai shi hanci ya shinshina. "Nazarin naka warin hayaki da daddawa yake yi. Ɗinkin mace ne wannan, ja'iri."

Baba ya ce, "Surukata ce." Bai ƙara ba, amma a bakin Baba wannan yabo ne mai yawa.

Sai tsohon ya ce a aza shi. 'Ya'yanshi suka so su hana, ya ce ko ya faɗo ai ƙasarshi ce. Muka ɗaga shi, ba nauyi, muka zaunar, na ɗora hannuwanshi kan ƙahon. Na ja dokin a hankali har bakin gonarshi, Baba yana biye da sanda. Dawa ta yi tsawo ta fara fitar da kai. Ba ya ganinta, ya dai karkata kunne iska na kaɗa ganyen, ya ce ta gabas ɗin tana son a ƙara mata huɗa. Aka duba, haka ne.

Ya ba ni goran zuma ya ce in kai ma mai gammo, kuma in na sha a hanya zai sani. Bai kai yankan dawar nan ba. Da labarin rasuwarshi ya zo Tafoki, Baba ya ce, "Alhamdulillahi, na gan shi."

Ni ma hamdalar nake yi har yau in na tuna, kuma ina haɗawa da gode ma mutane da dama. Da Baturen da ban taɓa gani ba, da shaƙiyyin taubashina, da bidin da ya yafe mani ɗaurin jaki. Zumar kuwa na kai ta cikakka, in ban da ɗan abin da yatsa ya taɓa.

Bidin ya ƙara shekaru yana ɗaukar wannan sirdi, bayanshi bai sake ko ɗumi ba. Ran da ya mutu ina zaune a zaure raina a jagule, sai uwar yara ta shigo, ta ɗaga sirdin ta zare gammon, ta karkaɗe shi.

Na ce, "Ke, ina za ki da shi?"

Ta ce, "Aro na ba shi, Malam. Zanena ne."